Me Ya Sa Maza Ba Su Cika Aikin Ungozoma Ba?

Wani mai saurarenmu daga Zariya, ɗalibin aikin jinya, ya tambaya: shin doka ce ta hana namiji karɓar haihuwa?

To Malam, a wasu ƙasashen da can doka ce. A Ingila sai a 1983 aka sakar wa maza mara su yi aikin ungozoma, Faransa kuwa ta buɗe musu ƙofa a 1982. Duk da haka har yau a Ingila ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

A nan gida babban shingen kunya ce da kishi. Mace na kan gwiwa, ta ɗaga ido ta ga namiji da safar hannu, sai ta ja zane ta rufe jiki ta ce a kira mata mace. Wani maigidan ma da jin namiji ne ke aiki a ɗakin haihuwa, sai ya ce a zauna a haihu a gida. Shi ma ɗalibi namiji yana shan wahala, domin kafin ya cika adadin haihuwar da makaranta ke bukata ya karɓa, sai ya yi ta jiran wadda za ta yarda.

Haƙƙin mace ne ta zaɓi mai duba ta, kuma ya kamata a ƙara horar da mata. Amma idan jini ya ɓalle, babu mace a kusa, malamai sun ce larura ce. Magidanta, kada ku hana a ceci rai.