Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Kigali, Babban Birnin Ruwanda, Take Da Tsabta Haka?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya tambaya: wai da gaske ne a Ruwanda jama'a ke fitowa da kansu su tsince sharar titi?

Gaskiya ne, Malam. Suna kiran abin Umuganda, kuma kusan shi ne aikin gayya a wurinmu. Ranar Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, daga ƙarfe 8 zuwa 11 na safe, shaguna a rufe, motoci a tsaye. Duk mai lafiya ɗan shekara 18 zuwa 65 zai fito da tsintsiya ko shebur ko adda. A tsince shara, a yashe magudanan ruwa, a nome ciyawar bakin hanya, wani lokaci har a gina wa gajiyayye ɗaki. Shugaba Paul Kagame ma yakan shiga.

Sai dai ba sa kai ba ne zalla. Doka ce, wanda ya ƙi fitowa ba dalili ana iya cin sa tara. Abin da ya fi burge ni shi ne zaman da ake yi bayan aiki, inda 'yan unguwa ke tattauna matsalolinsu ido da ido.

Kada a manta, tun 2008 ƙasar ta haramta ledar zuba kaya, har a filin jirgi ana karɓe ta daga hannun baƙi. Mu ma a Kano muna da tsabtar ƙarshen wata, amma leda tana nan tana toshe mana kwatoci duk damina.