Kwamfutar Darakta ta ƙi tashi

A wani ƙauye na arewacin Adar, kusa da Barmu, akwai makaranta mai aji uku. Daraktan makarantar yana da ƙaramar kwamfuta, irin wadda ake rufewa kamar littafi, ake ce mata tafi-da-gidanka. Ƙanensa ne ya kawo masa ita daga Abijan, inda yake zuwa cin rani kamar samarin Adar da yawa. Cikinta Darakta ya rubuta sunayen ƴan makaranta duka, da shekarar haihuwarsu, da makin da kowa ya samu tun farkon shekara.

Ƙauyen ba shi da wutar NIGELEC. Wurin wani mai shago, wanda yake da allon hasken rana bisa rufin ɗakinsa, ake kai wayoyi caji. Nan Darakta yake kai kwamfutarsa.

Wata rana cikin watan Mayu, ya danna maɓalli, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ya kai ta shago ta wuni a wuta, ba ta motsa ba. Ga shi kuwa saura kwana goma ya kai sakamakon ɗalibai ofishin sufeto. Ran Lahadi da asuba ya sa ta cikin jaka, ya hau babur, ya nufi Tawa.

Wurin mai gyara

Lahadi ce ranar kasuwar Tawa. Kusa da kasuwa akwai wani mai gyaran wayoyi da kwamfuta, yana aiki da yaronsa. Tun da aka buɗe jami'ar Tawa a shekarar 2010, masu kwamfuta suka yawaita a gari, aiki kuma ya ƙaru.

Bayan sun gaisa, yaron ya karɓi kwamfutar, ya ɗauko abin kwance ƙusa zai buɗe ta. Maigidansa ya riƙe masa hannu.

— Dakata tukuna. Likita yana tsaga cikin mutum kafin ya tambaye shi inda ke ciwo?

Ya juya wajen Darakta.

— Malam, ta faɗi ƙasa?

— A'a.

— Ruwa ko shayi ya zube mata?

— Ko ɗis.

— Kun ji warin ƙuna?

— Ban ji ba. Sai dai kwanakin baya, in na sa ta caji, sai na ɗan murɗa wayar kafin fitilar ta kama.

Mai gyara ya kaɗa kai. Wannan amsar ta fi masa sauran amfani.

Hanyar wuta

Wuta tana bin hanya kafin ta kai cikin kwamfuta, kamar yadda ruwa ke bin lambatu daga rijiya zuwa fangalin albasa. Tana fitowa daga bango, ta shiga caja, ta bi waya, ta shiga ɗan ramin da ke gefen kwamfuta, sannan ta kai batir da babban allon da ke ciki. In shuka ta yi yaushi, manomi ba ya tone ta. Lambatun yake bi, ya ga inda ruwa ya tsaya. Haka mai gyara yake yi: daga waje yake farawa, ciki ne ƙarshe.

Da farko ya sa waya caji a bangon, don ya tabbata akwai wuta. Wannan ba wasa ba ne. Nijar tana sayen wuta mai yawa daga Nijeriya. A watan Agusta na 2023 aka yanke ta, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024, garuruwa suka sha duhu. Jihar Tawa tana da tashar wutar hasken rana a Malbaza, mai ƙarfin megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, amma ita kaɗai ba ta isar jiha duka. Ranar dai akwai wuta.

Sai ya ɗauki cajar, ya nuna wa yaron rubutun da ke bayanta. Wutar bango bolt 220 ce. Ta fi ƙarfin kwamfuta nesa ba kusa ba. Aikin caja shi ne ta rage ta, ta gyara ta. A jikin wannan an rubuta bolt 19, amfiya 3,42.

Ya ɗauko ma'aunin wuta, ya ɗora tsinke ɗaya cikin kan cajar, ɗaya a gefensa. Ma'auni ya nuna 19.

— Lafiyarta lau, in ji yaron.

— Lanƙwasa wayar nan wajen wuya.

Yaron ya lanƙwasa. Lamba ta faɗi sifiri. Ya sake ta, ta koma 19. Ashe zaren jan ƙarfen da ke cikin wayar ya tsinke, robar waje ce kawai ta rufa masa asiri. Yawan naɗe waya da ƙarfi a jikin caja ne yake kawo haka. Kwamfutar ta yi ta cin abin da ke cikin batir, ba ta samun sabo, har batirin ya ƙare ƙaƙaf.

Ba a buɗe akwatin caja. Ko an cire ta daga bango, akwai sauran wuta a ciki da ke iya jan mutum. Mai gyara ya ɗauko wata caja mai bolt 19, mai kai iri ɗaya. Nan ma akwai lura: caja mai amfiya fiye da ta asali ba ta ɓarna, don kwamfuta abin da take buƙata kawai take ja. Amma in bolt ya wuce nata, tana iya ƙonewa.

Kafin ya jona, ya zare batirin, ya danne maɓallin kunnawa yana ƙirga har 30. Yin haka yana fitar da ƴar wutar da ta maƙale a ciki, wadda wani lokaci takan hana injin tashi. Sannan ya sa caja ita kaɗai, ya danna.

Ciwo na biyu

Ƙaramar fitila ta kama. Fanka ta soma juyawa. Darakta ya miƙe tsaye don murna. Amma fuskar kwamfutar ta tsaya baƙi ƙirin.

— Malam, ku zauna, in ji mai gyara. Wuta ta shiga. Saura mu ga abin da ya hana ta buɗe ido.

Ya haska fuskar da tocila, yana duba ko akwai rubutu dishi-dishi. Da akwai, da fitilar bayan gilashin ce ta mutu. Babu kome. Ya jona ta da wani talabijin ɗin shago, shi ma bai nuna kome ba. Ke nan laifin ba na gilashi ba ne.

Yanzu ne lokacin buɗewa ya yi. Ya cire caja. Ya taɓa ƙarfen ƙofa da hannu, don jikin mutum yana tara wata irin wuta, musamman lokacin hunturu da iska ta bushe, irin wadda ke yin ƙyas-ƙyas in an tuɓe riga da dare. Mutum ba ta yi masa kome, amma tana kashe ƙananan kayan cikin injin. Ya kwance ƙusoshi, yana jera su bisa takarda yadda ya fiddo su.

Ciki ƙura ce ja, ta Adar, ta yi kamar auduga a bakin fanka. Akwai wani ɗan siririn allo, tsawonsa bai wuce yatsa ba, mai haƙora masu ruwan zinariya. Shi ne ƙwaƙwalwar aiki. In bai zauna daidai ba, kwamfuta tana kunnuwa amma ba ta nuna kome. Mai gyara ya ga gefe ɗaya ya ɗan ɗaga. Ya ce wataƙila girgizar babur ce a hanyar Barmu. Ya zare shi ta gefe, ya goge haƙoran da magogin fensir, ya kakkaɓe ƙurar da burushi mai laushi, ya maida shi har ya ji ƙas.

Ya nuna wa Darakta wani ɗan akwati a gefe guda.

— Ga rumbun. Sunayen yaranku suna nan ciki. Ko da injin ya mutu gaba ɗaya, ana iya cire shi a karanta a wata kwamfutar.

Ya rufe, ya jona, ya danna. Fuska ta yi haske. Darakta ya buɗe takardar aji shida, ya bi sunaye da yatsa har ƙasa. Ba wanda ya ɓata.

Batirin ya karɓi caji, amma mai gyara ya ce ya tsufa. Zafi ne babban abokin gabansa, ga shi a watan Afrilu da Mayu zafin Tawa yakan wuce digiri 40. Kada a bar kwamfuta a rana, kada a ɗora ta bisa katifa, don ramukan iska suna toshewa. In batir ya kumbura, a daina aiki da shi. Ba a huda shi, ba a jefa shi a wuta, kuma ba abin wasan yara ba ne.

Darakta ya biya kuɗin gyara da na caja. Ya sayi ƴar ma'ajiyar da ake sokawa a gefen kwamfuta, yaron ya kwafe masa takardun makaranta a ciki. Ya sa ta aljihun gaba, ya naɗe kwamfutar cikin bargo, ya ɗaure a bayansa maimakon bayan babur.

Tambayoyi

1. Mene ne cikin kwamfutar da ya sa Darakta ya damu?
2. Wace amsa ce ta nuna wa mai gyara inda zai fara nema?
3. Don me ya jona kwamfutar da talabijin?
4. Don me ya taɓa ƙarfen ƙofa kafin ya sa hannu ciki?

Lissafi

Ana samun ƙarfin caja in an ninka bolt da amfiya. Amsar tana fita da wat. Caja mai bolt 19 da amfiya 3,42, wat nawa ke nan?

Aiki

Ku zana hanyar wuta daga bango har zuwa batir. Ku rubuta sunan kowane wuri da Hausa, sannan da Faransanci. Ku sa alama a inda wutar Darakta ta tsaya.