Kafin a kai zane maɗaba'a, a kai shi wurin masu kallo

Sana'ata zane ce: fosta, tambarin kamfani, takardar jikin kwalba, allon talla. Kirana ga abokan sana'a da masu ba mu aiki shi ne mu daina ɗaukar bincike a matsayin ɓata lokaci. Yawancinmu kan buɗe CorelDRAW ko Photoshop, mu haɗa abin da ya burge mu, mai aiki ya ce "ya yi", shi ke nan sai bugu. Wanda aka yi zanen dominsa kuwa, babu mai jin ta bakinsa.

Binciken mai zane ba na ɗakin karatu ba ne kawai. Matakin farko shi ne taka ƙafa zuwa inda zanen zai zauna. Allon bakin titi, direban adaidaita sahu yana tafe yake kallonsa, ga rana, ga ƙura. Lokacin da Jock Kinneir da Margaret Calvert suka tsara allunan manyan hanyoyin Ingila a ƙarshen shekarun 1950, sai da aka gwada haruffan daga nesa. Sun haɗa manyan baƙaƙe da ƙanana saboda ido ya fi saurin gane siffar kalma a haka, kuma har yau tsarin nasu ake bi a can.

Mataki na biyu shi ne sanin masu karatu. Boko suka sani ko ajami? A bango za su gani ko a WhatsApp, cikin ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi? Salon haruffan da ka zaɓa yana da ƙ da ɗ da ɓ, ko zai mayar da su akwati-akwati? A shekarun 1950, Marie Neurath, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa tsarin bayani da hotuna na Isotype a Biyana, ta zo Ibadan ta yi wa gwamnatin Jihar Yamma littattafan wayar da kai kan ilimi da zaɓe. Ba ta kwaso hotunan Turai yadda suke ba, sai da ta sake su suka dace da sutura da gidajen mutanen wurin.

Na uku, wanda ya fi komai, shi ne gwaji. A nan ne ake tafka kuskure wajen tambaya. Idan ka ce wa dattijuwa, "Inna, ya yi kyau?" kara za ta yi maka ta ce, "Madalla, ɗan nan, Allah ya yi albarka." Ba ka ƙaru da komai ba. Miƙa mata takardar, ka ce, "Inna, me kike gani a nan? Me aka ce ki yi?" Sannan ka kama bakinka.

Wani aiki ya taɓa zuwa hannuna daga wata ƙungiyar kiwon lafiya: takardar shan magani ga iyaye mata da ba su yi boko ba. An sa hoton rana don safiya, jinjirin wata don dare. Da aka nuna wa mata a layin awo, wata ta ɗora yatsa kan jinjirin ta ce, "Wannan sai wata ya kama za a ba yaro ke nan?" Ta kusa da ita ta ce ai na azumi ne. A wurinsu jinjirin wata lissafin kwanan wata ne, ba alamar dare ba. Aka cire shi aka sa yaro kwance cikin gidan sauro, fitila a gefe, kowa ya gane.

Gwajin ba ya bukatar taro. A shekarar 2000, Jakob Nielsen, masanin sauƙaƙa amfani da shafukan intanet, ya nuna cewa mutum biyar kan isa su bankaɗo yawancin matsalolin tsari, muddin za a gyara a sake gwadawa. Sharaɗin shi ne su kasance irin waɗanda aka nufa, ba abokan ofis ba. Idan ana jayayya kan zane biyu, a buga kowanne a takarda, a nuna wa mutane daban-daban, a rubuta abin da suka faɗa da bakinsu.

Masu ba da aiki, ku ware kwana biyu da ɗan kuɗin mota don gwaji a cikin kasafinku. Gyara a takarda ɗaya kuɗin fotokwafi ne. Bayan an buga dubbai an rarraba ƙauyuka, babu mai iya bin su ya karɓo. Matambayi dai ba ya ɓata.