Kogin Lena da Dalilin Ambaliyarsa

Kogin Lena yana cikin Sibiriya, a ƙasar Rasha. Ya taso daga duwatsun da ke yamma da Tafkin Baikal, ya nufi arewa har ya faɗa Tekun Laptev, can wajen ƙarshen duniya inda sanyi ya fi tsanani. Tsawonsa wajen mil 2,700 ne, watau ya ɗara Kwara kaɗan. Manyan kogunan da ke zuba cikinsa su ne Vitim da Olyokma da Aldan da Vilyuy. Babban birnin da ke bakinsa shi ne Yakutsk, wanda aka kafa a 1632.

Mu a nan mun saba kogi ya cika da damina. Amma babbar cikar Lena daga narkewar ƙanƙara ta ke. Tun daga watan Oktoba ruwansa ya kan fara daskarewa, har ya yi taurin da manyan motoci ke bi ta kansa kamar hanya. Haka zai zauna sai Mayu.

To, ga abin lura. Da ya ke kogin daga kudu ya taso, zafi ya kan riga isa mafarinsa. Ƙanƙarar kudu ta narke, ruwa ya taho da ƙarfi, alhali kuwa arewa tana nan a daskare. Sai gutsattsarin ƙanƙara su taru su toshe hanya kamar madatsa, ruwa ya rasa mafita, ya haura gaɓa. Ƙasa kuma ba ta iya shanye shi, gama ƙarƙashinta a daskare ya ke rani da damina.

Haka ya auku a garin Lensk cikin Mayu 2001. Ruwa ya ci yawancin garin, dubban mutane suka rasa gidajensu, har hukuma ta sa jiragen sama su jefa bom a kan ƙanƙarar don a buɗe wa ruwa hanya.

Saboda haka ma'aikata su kan auna ruwan a tashoshi dabam dabam, su aika da labari ga garuruwan da ke gaba. Hakimai da malamansu masu riƙon ƙasar bakin kogi sai su lura: ruwan da zai ci gari, a nesa ya ke tasowa, labarinsa kuwa ya kamata ya riga shi isowa.