Gane Naƙuda ta Hanyar Awon Lantarkin Mahaifa: Nazari Daga Ƙasar Rano

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a dubi wata hanya ta gane naƙuda, watau auna lantarkin da mahaifa ke fitarwa, sa'an nan a ga amfanin da za ta iya yi wa matan ƙasar Rano da Kibiya. A lura, Bahaushe kan kira mabiyiya da sunan mahaifa, amma a nan makwancin ɗa ake nufi.

Naƙuda a Al'adance

Mai ciki ita ke fara sanin halin da take ciki, amma kunya kan hana ta faɗa, balle in cikin fari ne. Sau da yawa ba a kiran ungozoma sai an haihu, don ta yanke cibi. Ga shi kuma ba kowace murɗawar ciki ce naƙuda ba. Tun a 1872 wani likitan Ingila, John Braxton Hicks, ya bayyana cewa mahaifa kan ɗaure ta saki alhali bakinta bai buɗe ba. Saboda haka mace a Tarai ko Rurum tana tsakanin kuskure biyu: ko a kai ta Babban Asibitin Rano a ce ta koma da saura, ko ta yi ta haƙuri a ɗaki har naƙuda ta yi tsawo, abin da kan jawo yoyon fitsari ko asarar rai.

Yadda Awon Yake

Mahaifa tsoka ce, kuma tsoka ba ta ɗaurewa sai wani ɗan lantarki ya ratsa ƙwayoyinta, kamar yadda yake ga zuciya. A 1950 Steer da Hertsch a Amurka suka ba da rahoton auna wannan lantarki daga fatar cikin masu naƙuda. A 1977 kuma Garfield da abokan aikinsa a Kanada suka gano cewa in haihuwa ta gabato, waɗansu ƙananan mahaɗai kan yawaita tsakanin ƙwayoyin tsokar, lantarkin ya riƙa wucewa daga wannan zuwa waccan.

Abin ya yi kama da noma. Kafin naƙuda kowace ƙwaya tana aikinta ita kaɗai, kamar manomi a gayaunarsa. In naƙuda ta kankama sai ya zama gayya, kowa ya sara tare da bugun ganga. Wannan haɗin kai shi ake nema a gani. Akan manna waɗansu 'yan faifai a cikin mace, su ɗauki lantarkin, na'ura ta ƙara masa ƙarfi, ta tace shi, ta zana shi.

Fifiko da Rauni

Hanyar da aka saba da ita ita ce ma'aikaciyar jinya ta ɗora hannu a ciki na minti 10 tana ƙirga ɗaurewar. Akwai kuma ɗamara mai auna taurin ciki, sai dai ba ta faɗin ƙarfin naƙuda, kuma takan gaza ga mace mai jiki. Bututun da ake zurawa cikin mahaifa shi ke faɗin ƙarfin, amma sai faya ta fashe. Awon lantarki kuwa ba ya bukatar a zura kome, ƙiba kuma ba ta cika dame shi ba.

Rauninsa shi ne lantarkin ɗan mitsitsi ne ƙwarai, har motsin uwa da numfashinta kan gurɓata shi. Waɗansu asibitocin Turai da Amurka sun fara lura da naƙuda da shi, amma hango haihuwar bakwaini da shi yana matakin bincike. Wannan kuwa babbar bukata ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin cikar mako 37.

Kammalawa

Da irin wannan awo zai kai asibitocin karkara, da ma'aikaciya ta sami ƙarin hujjar sanin wadda za a tura Asibitin Murtala Muhammad a Kano tun da sauran lokaci. Sai dai na'ura ba ta auna wadda ba a kawo ba. Aikin da ya rataya a wuyanmu, ɗaliban Hausa, shi ne samar da kalmomin da za a yi wa mai ciki da mijinta da ungozoma bayani da su, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.