Darasi Na Bakwai: Kalmomin Saƙar Kwarashi da ta Kibiya

7.1 Gabatarwa

Kalmar “saƙa” a Hausa tana ɗauke da sana’o’i fiye da ɗaya. Akwai saƙar gargajiya, wadda masaƙi ke gitta zaren kwance a kan na tsaye da ƙoshiya. Akwai kuma saƙar hannu da ta bazu cikin gidaje ta hanyar makarantun boko da azuzuwan koyar da mata sana’a. Malamin da bai bambance su ba zai bar ɗalibansa cikin ruɗani. Wannan darasi ya taƙaita ne ga saƙar hannu da kalmominta.

7.2 Kayan Aiki da Abubuwan da Ake Saƙawa

Saƙar hannu iri biyu ce. Ta kwarashi ana yin ta da tsinke ɗaya mai ƙugiya a baki, ana jan zare ana cusa shi cikin madauki. Ta kibiya kuwa tsinke biyu ake riƙewa, madaukai na tashi daga ɗaya zuwa ɗaya. Kwarashi ya fi dacewa da murfin kwano da shimfiɗar tebur da jaka da hula, kibiya kuma da suwaita da safa, domin saƙarta ta fi miƙewa. Yawancin kayan nan na kyauta ne: hula da safa da shawul na jariri ana kai su barka ko ranar suna, musamman in haihuwar ta faɗo cikin hunturu.

7.3 Asalin Kalmomin

(a) Aro. “Kwarashi” daga crochet na Ingilishi aka aro ta, su kuma Ingilishi daga Faransanci, inda take nufin ’yar ƙugiya. Da yake Hausa ba ta jera baƙaƙe biyu a farkon gaɓa, sai aka saƙala wasali tsakanin /k/ da /r/. “Ulu” daga wool take, an ƙara mata wasali a ƙarshe, kamar yadda akasarin sunayen Hausa ke ƙarewa. “Allura” kuwa tsohon aro ce daga al-ibra ta Larabci.

(b) Faɗaɗa ma’ana. “Kibiya” asalinta makamin maharbi ce. Tsayi da tsini suka sa aka laƙaba wa tsinken saƙa wannan suna.

(c) Tsira. Daga “saƙa” aka sami masaƙi da masaƙiya da masaƙa, da kuma saƙaƙƙe da saƙaƙƙiya da saƙaƙƙu. A lura, “masaƙa” na iya zama jam’i ko wurin aiki. Karin sauti da muhalli ke bambance su. Haka nan mai yin kayan jarirai da kwarashi an fi kiran ta “mai saƙa”.

7.4 Kammalawa

Zai kyautu malami ya shiga aji da kwarashi da kibiya da ƙullin ulu, ya bari ɗalibai su taɓa su kafin ya rubuta sunayensu a allo. Daga nan ya kai su ga maganganu irin su “saƙa da warwara” da “saƙa da mugun zare”, waɗanda ma’anarsu kan fi zama a zuciyar yaron da ya ga an warware saƙa da idonsa.

Auna Fahimta

1. Bambance saƙar kwarashi da ta kibiya.
2. Bayyana sauye-sauyen da suka auku wajen aro “kwarashi” da “ulu”.
3. Tsara darasin minti 35 kan wannan batu ga ’yan aji huɗu na firamare.