Kafin a buɗe injin babur

Malam mai babur, ko giyarka ta fara ƙara? Ko tana fita da kanta in ka ɗauko buhun albasa daga Galmi? To, tsaya ka yi lissafi tukuna.

Giyar babur tana cikin injin. Kafin makanike ya kai gare ta, sai ya sauke injin, ya zubar da baƙin mai, ya cire kuloci, ya raba injin gida biyu. Shi ya sa kuɗin aiki ke da yawa, ko da haƙori guda ne ya karye.

Kayan gyara da dama daga Najeriya suke shigowa Konni, ta Sakkwato da Illela ta kan iyaka. Da aka rufe iyaka a 2019 da 2023, kaya sun yi tsada. Na tsohon Yamaha ko Suzuki kuwa, sai an sha nema.

Ka tambayi kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. Ka ƙirga kwanakin da babur zai yi ba aiki. Sannan ka tambayi kuɗin wani injin na hannu, ka gwada. A yi ciniki tun ba a kwance ƙusa ko ɗaya ba. In an gama, ka karɓi tsofaffin kayanka.

Ka riƙa juye baƙin mai a kan lokaci, don shi ne ran giya.

Lissafi: a ce kaya jika 15, aiki jika 5, kwana 3 ba kabu-kabu, kullum jika 2. Nawa ke nan?